Ranar da Muka Ƙetare Kor da Baba

Ni mai ruwa ne. Jaki, amalanken da muke ce wa karo, da barmil biyu, wato ganguna, da maƙeri ya haɗa mini baki da baki. Aikin ke nan tun ina iya ɗaukar jarka biyu a tafi ɗaya, har zuwa yau da gwiwata take kuka kamar tsohon ƙyaure. Karatuna bai yi nisa ba. Na zauna a halwa, makarantar allo ke nan, na ɗan leƙa madarasa ta boko, aka ce in fito in kama jaki. Wanda yake son zance mai ado sai ya nemi wani. Ni abin da idona ya gani zan faɗa.

Hillarmu, wato ƙauyenmu, ƙarama ce. Daga Mafaza tafiyar rabin yini ce a karo, in ƙasa ta bushe. In ba ta bushe ba, kada ma ka taso. Ƙasarmu baƙar laka ce. Da rani tana dararrewa har ɗan tsako ya faɗa cikin tsaga a neme shi a rasa. Da harif kuwa, wato damina, sai ta haɗe bakinta ta zama danƙo, lorin da ya shigo ya zauna tare da mu har kaka. A yamma da mu akwai hafir, babban ramin da ke tare mana ruwan sama, inda nake ɗiba. A gabas akwai kor, rafin da yake a bushe yawancin shekara, yara na wasa a cikinsa, amma in ya tashi sai ya ɗauke sa. A ƙetaren kor ɗin akwai wani tudu mai jan tsakuwa da muke ce wa azaza, da dutse guda ɗaya tsaye a kansa. Larabawa masu raƙuma ne a wurin, su da matattunsu.

Mu kuwa jikokin alhazai ne da ba su ƙarasa ba. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan, suka ce bari su yi noman shekara ɗaya su wuce. Shekarar ce har yanzu ba ta ƙare ba. Abin da suka bar mana ban da harshe da tuwo shi ne wata al'ada ta maƙabarta: ba a rufe namiji sai gabas da kabarin ubansa, mace gabas da na uwarta, ko da taki ɗaya ne. Tsofaffi suna cewa wanda ƙafa ta kasa kai shi, ƙasa ta dinga matsawa da shi. Liman ya ce wannan ba ya cikin littafi, amma bai taɓa hana kowa ba.

To, maƙabartar ta yi ta tafiya har ta iso bakin kor ta tsaya. Gidaje da yawa suka haƙura, aka buɗe sabuwa a kudu, ana rufe kowa inda aka samu. Kakana shi ne na ƙarshe a layinmu, kabarinsa a gaɓa sosai, gabas da shi babu komai sai ruwa ko rairayi. Baba ya san haka. Wata rana muna shan shayi a rakuba, rumfar tsakar gidanmu, ya ajiye kofi ya dube ni.

"Kai ne babba," ya ce. "In na faɗi, kada ka mai da ni baya."

Na ce, "Baba, gaba ai kor ne."

"Na ga kor ɗin kafin a haife ka. Ka ji abin da na ce?"

Na ce na ji. Ban ɗauka nauyin maganar ya kai haka ba, don da rani muka yi ta, kor ɗin a bushe, awaki na kwance a ciki.

Shi kuwa ya tashi ya rasu a tsakiyar harif, da hantsi, bayan kwana biyu ana sheƙa ruwa. Kor ya cika yana gurnani, ana jin sa daga tsakar gidanmu. Kuma gawa a zafin nan namu ba ta kwana.

Ƙanena tela ne a Fau. Ya zo duba Baba, laka ta tsare shi. Da na ce zan ƙetare in roƙi Larabawa wuri, sai ya ja ni bayan rumbu.

"Yaya, kanka ɗaya? Ga sabuwar maƙabarta can, ƙasa ta yi laushi, kafin azahar mun gama."

"Na yi masa alkawari."

"Alkawarin da za ka kashe rayayyu goma don ka matsar da mamaci taki ɗaya? Makkan ce a ƙetaren kor?"

"Ba kai ya ajiye wa kofi ba."

"Wallahi taurin kan jakinka ya shafe ka."

Na ce to, a yi wanka, a yi likkafani, in ban dawo ba zuwa azahar ya yi yadda ya ga dama. Na fita ban waiga ba, don in na waiga zan ga yana da gaskiya.

A bakin kor na tarar da wani Bafulatani da na sani, yana tsugune yana kallon ruwan yadda malami ke kallon allo. Shi ya san inda ƙasan kor yake da tsakuwa, inda ƙafa ba ta nutsewa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ji abin da ya kawo ni. Sannan ya koro wani babban bijimi ya ce in kama jelarsa da hannu biyu, kome ya faru kada in saki. Haka na ƙetare, ruwa iya ƙirji, ina shan laka, bijimi na ja na kamar tsumma. Ya ɗaga murya daga baya: "Kaɗo, ka dubi wajen Habasha! In hadarin can ya zuba, kafin la'asar ruwan nan ya fi kanka."

A zangon Larabawa ban sami kowa ba sai tsofaffi da mata da awaki. Da harif samarinsu suna kora raƙuma arewa, su guje wa laka da ƙuda, sai kaka su dawo. Aka ce mini shaihinsu yana kan dutse, don can ne kawai waya take kamawa, yana neman 'ya'yansa.

Shekarata hamsin da ɗoriya a garin nan, ban taɓa hawa dutsen nan ba. Me zai kai mai ruwa kan dutse? Ba mai sayen ruwa a can. Na hau da rarrafe, ina zagin gwiwata, na same shi zaune a kan falale, tsoho siriri kamar sanda, waya a hannu. Na buɗe baki zan yi sallama, sai na juya, sai na manta da sallamar.

Ban san duniya tana da faɗi haka ba. Ni da nake tafiya kullum idona a kan kunnuwan jaki. Kore ne ko'ina, dawa da riɗi, shimfiɗe kamar an goge da tafin hannu, har inda sama ta sauko ta taɓa ƙasa. Babu tudu, babu kwari, sai wani baƙin layin itatuwa can nesa, wanda na gane kogin Rahad ne. Ta wajen Habasha gizagizai sun hau kan juna kamar ana gina wani gari a sama. Hillarmu kuwa, wadda take cinye mini yini guda in zagaye ta, ga ta nan a ƙasa kamar faifai da aka manta a tsakar gida. Da babban yatsana na rufe ta gaba ɗaya. Na ce Subhanallah, na sake cewa.

Ban san yawanmu ba, ba a taɓa ba ni aikin ƙirga mutane ba. Randunansu na sani. Amma daga can sama na ga yadda aka zuba mu. Unguwarmu ta Hausawa ta bi gefen kor, bukkoki a cushe, kowane gida da ɗan lambun kuɓewa a baya, don Bahaushe ba ya ganin ƙasa a banza ya ƙyale ta. Barebari sun kewaye masallaci. Matansu ne masu sa ni in tsaya su leƙa barmil su shinshina kafin in zuba. Fulani suna kudu, nesa da kowa, shanunsu kamar an watsa farar shinkafa a kan koren tabarma. Su ba sa sayen ruwa, sai dai su yi mini dariya in jaki ya kafe. Kusa da hafir mutanen Darfur ne, waɗanda suka zo yankan riɗi na kaka ɗaya suka zauna, kamar dai mu. Ga gidajen Nuba 'yan kaɗan a bayan garejin tarakta, da ɗakin kwanon da suke ibadarsu ran Lahadi. Ga rumfunan matan Habasha masu sayar da jabana, wato gahawa, a bakin kasuwa, hayaƙin turarensu na tashi siriri. Ga madarasa an lulluɓe ta da shuɗayen tamfol, cike da waɗanda yaƙi ya koro daga Madani da Khartum, mutanen da ranar farko suka tambaye ni ina famfo. Harsuna nawa ke nan a cikin abin da yatsa ɗaya ya rufe? Kuma duk daga rami ɗaya muke sha.

Sai idona ya faɗa kan tsohuwar maƙabarta. A ƙasa, in ka shiga, tudun ƙasa ne kawai da ciyawa. Daga sama layuka ne. Kowane gida da layinsa, sun taso daga yamma, suna bin juna, uba a baya, ɗa a gaba, har bakin ruwa. Ayari ne sosai. Ayari da ya iso gaɓa ya tsaya yana jiran a ƙetare da shi. Shekara da shekaru ina ɗaukar abin nan rigimar tsofaffi, ashe tafiya suke yi da gaske.

"Ka zo kallo ne, ya wad al-Hajj, ko ka kawo mini ruwa a aljihu?" in ji tsohon. Haka Larabawa suke kiran mu, ɗan alhaji, ko mutum bai taɓa ganin teku ba.

Na durƙusa na gaya masa Baba ya rasu. Ya ajiye waya, ya ɗaga hannu muka yi Fatiha. Sannan na faɗi abin da nake so. Sai ya nuna gabas da sandarsa.

"Kai, Makka ba can take ba. Can Habasha ce. Makka ga ta nan," ya karkata sandar wajen arewa. "In kuka ci gaba a haka, jikokinka a Gallabat, can bakin iyaka, za a rufe su, sai an buga musu hatimi a kan likkafani."

Na ce, "Ya ammi, baffana, mu masu rai mun san alƙibla. Su kuwa hanyar da suka taso a kai suke bi."

Ya yi 'yar dariya, ta ɗauke nan da nan. Ya ce azaza ba ta da yawa, ita kaɗai ce ƙasar da ba ta cin gawa a duk yankin nan, kuma iyayensa ne a ciki. In ya ba ni ɗaya, ya ba duk layukan can da nake kallo. 'Ya'yansa za su dawo da kaka su tarar da kabarin wani a tsakanin kakanninsu, me zai ce musu?

Nan na fara abin da na saba. Na ce a nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni, cibiyarmu tana cikin lakar nan, takardunmu irin nasa ne. Maganar da na yi ta yi ke nan duk rayuwata, a kasuwa, a ofis, a bakin shinge, duk inda wani ya ji harshena ya tambaye ni daga ina nake. Na taɓa fasa wa mutum baki a kanta.

Ya girgiza kai. "In ɗan gari ne, ga maƙabartar 'yan gari can a kudu. Maƙwabci ba ya cin ƙasar maƙwabci." Ya tona tsakuwa da sanda. "Amma ubanka ba haka yake gaya mini ba. Tun muna samari, in na ce masa ya Hajj, yaushe za ka gina ɗakin bulo kamar mutane, sai ya ce shi matafiyi ne, gobe zai wuce. Mu kuwa ba mu taɓa tare wa matafiyi hanya ba. Ko 'ya'yana ba za su ce in tare ba, sai su ji kunya." Ya ɗago ya dube ni. "To wanne ne? Ɗan gari ne, ko mai wucewa? Kai za ka faɗa, da bakinka, don in sami abin da zan maimaita."

Wallahi ƙetare kor ya fi mini sauƙi. Na dubi hadarin, ya ƙara baƙi. Na dubi layukan can a bakin ruwa.

Na ce, "Baƙo ne, ya ammi. Wucewa yake yi."

"Halas, shi ke nan," ya ce. "Ƙasa ban ba ka ba. Hanya na ba shi. Je ka kawo baƙona kafin ruwa ya zo."

Da na koma, azahar ta yi. Na tarar an sa Baba a kan angarib, gadon igiyar da muke ɗaukar gawa a kai, an yi masa salla a ƙofar masallaci. Ƙanena bai kai shi kudu ba. Ya dube ni, laka har gira, ya ce, "An ba ka?" Na ce Baba aka ba. Ya tuɓe jallabiyarsa mai guga ya miƙa wa wata tsohuwa, ya ce, "To mu je, jaki."

Ban aika a kira kowa ba. A hilla irin tamu magana ta fi karo sauri. Kafin mu isa gaɓa, mutane sun fito daga unguwannin da na gani ɗazu daga sama. Wani Banube makanikin tarakta, wanda ya fi kowa tsawo a garin, ya zo da igiyar jan mota a kafaɗa. Ya ce mini, "Ni ba zan taɓa mamacinku ba, kada malamanku su yi faɗa. Amma ku sa ni a tsakiya." Bafulatanin ya kai bakin igiyar ƙetare da bijiminsa, aka ɗaure ta a gindin aduwa nan, aka ɗaure a wata can. Banuben ya shiga inda ruwa ya fi ƙarfi, ya kafa ƙafafu, ya rungume igiyar kamar turke.

Sai maza suka shiga ɗaya bayan ɗaya, hannu ɗaya a igiya, ɗaya a sama. Barebari, mutanen Darfur, namu, har da wani ɗan Madani mai tabarau da bai taɓa ganin Baba ba, ya cire takalmi ya rataya a wuya yana karkarwa. Ba wanda ya yi tafiya da gadon. Miƙa shi aka yi, daga hannu zuwa hannu, a saman kawuna. Ina tsaye a cikin ruwa na ɗaga kai, na ga Baba cikin farin likkafani yana wucewa tsakanina da baƙin hadari, a hankali, ba ya ko girgiza, kamar jirgin da ba shi da matuƙi. Ana ta La'ilaha illallahu, kowa da irin lafazinsa, ruwa na dukan haƙarƙarinmu. A tsakiya ƙafar ƙanena ta zame, ya nutse har kai, Banuben ya cafko shi ta wuya da hannu ɗaya, gadon bai karkata ba. Mata a gaɓa suka yi salati da ƙarfi. Ko ɗigo bai taɓa likkafanin ba.

A can kuma sai ga wata matsalar da ban yi tunaninta ba. Fartanyoyinmu na laka ne, da suka sari azaza sai suka dinga tsalle suna ƙara. Tsofaffin Larabawa suka tsaya suna mana dariya, sannan suka fito da dogayen ƙarafan da suke haƙa da su. Mutanen Darfur suka karɓa, don su sun san ƙasa mai dutse tun daga gida. Shaihin da kansa ya tsaya ya hango kabarin kakana a ɗaya gaɓar, ya daidaita sandarsa, ya ja layi a ƙasa ya ce a nan.

Muka rufe shi. Ƙasar ja ce, busasshiya, mai ɗumi. Ban yi kuka ba sai da na ji ɗuminta a hannuna.

Komawa ta fi zuwa wuya, ruwan ya fara hawa. Na ƙarshenmu ya fito yana tofar da laka, igiyar kuma sai da muka bar ta a can har kor ya janye.

Da kaka 'ya'yan tsohon suka dawo da raƙumansu. Na ji an yi 'yar hayaniya a zangon, ban san me aka ce ba, ban kuma tambaya ba. Da na ƙetare bayan ruwa ya ɗauke, na tarar an jera wa Baba duwatsu a kai da ƙafa, irin yadda suke yi wa nasu.

Na auna da ƙafata daga kabarin zuwa gindin dutse. Taki tara ne. Akwai nawa a ciki, akwai na ɗana, watakila da na wani bayansa. Daga nan sai falalen dutse, su san yadda za su yi da shi, ni na gaji.

Har yanzu in wani ya tambaye ni a kasuwar Gadarif daga ina nake, raina yana ɓaci, kuma ina ba shi amsar da na saba. Amma da rani, in kor ya bushe, nakan kora jaki in kai wa tsohon barmil guda. Ba ya iya hawa dutse yanzu, yana zaune a inuwar bukka. In ya hango ni sai ya ɗaga sanda.

"Ya wad al-Hajj! Har yanzu kana nan? Yaushe za ka wuce?"

Sai in kwance bakin barmil in ce, "Bari in gama rabon ruwa tukuna, ya ammi."